Furfura da Kwalbar Shamfu: A Juya Baya a Karanta Kafin a Biya

Duk wanda ya taɓa wankin farar shadda ya san aikin bula. Komai yawan sabulun da aka zuba, idan farin kaya ya sha jiki sai ya soma rawaya-rawaya, kamar ya kwana a ɗakin girki. Sai mai wanki ya jiƙa 'yar bula a ruwan ɗauraya, ya tsoma, ya shanya, farin ya fito tas. Bular ba ta cire wani datti ba. Ido kawai ta yi wa wayo, domin ɗan shuɗin da ta bari yana danne rawayar. Wannan tsohuwar dabara ta masu wanki da guga ita ce aka ɗura a kwalba ake sayar wa masu furfura da tsada a yau, da sunan shamfu mai launin shunayya. Yana kuwa aiki, ga wanda ya san yadda ake amfani da shi. Abin damuwar shi ne a kanta ɗaya ake jera shi da wasu kwalabe da 'yan ledoji waɗanda su ma an rubuta musu shamfu, alhali rini ne zalla, wani ma irin rinin da ya sha kai mutane gadon asibiti.

Kafin a je ga kwalba, sai a san abin da ake wankewa. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa wani launi da ake kira melanin, shi ne ke baƙanta gashi kamar yadda yake baƙanta fata. Idan shekaru suka ja, waɗannan ƙwayoyi sukan ragu har su ƙare, sai silin ya fito babu launi. Ruwan tokar da ake gani a kan dattijo ba launin wani sili ba ne. Fari ne ya gauraya da baƙi. Ga baƙar fata, furfura takan soma ne a wajen shekara 45, bayan ta riga ta kama Turawa tun suna tsakiyar shekaru talatin da wani abu. Gado ne babban mai yanke hukunci a nan: a shekarar 2016 masu bincike a wata jami'a ta birnin Landan, bayan nazarin mutane fiye da 6,000 a ƙasashen Latin Amurka, suka gano wata ƙwayar gado mai suna IRF4 da ke da hannu a fitowar furfura. Damuwa ma ba a wanke ta ba. A 2020 masana a Jami'ar Harvard suka nuna yadda tsananin firgici ke ƙarar da rumbun ƙwayoyin launi a jikin ɓeraye, gashinsu ya yi fari. Wanda ya ce talauci ko rigimar gida ce ta sa masa furfura, ba lallai ne wasa yake yi ba.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙarƙashin fata, inda kumfa ba ya isa. Gashin da ya riga ya fito matacce ne, kuma abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce wajen santimita ɗaya ba. Saboda haka babu shamfun da zai farfaɗo da baƙin gashi daga saiwa, ko da an zana masa ganye goma a jikin kwalba. Wanda furfura ta yi wa sammako tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, likita ya kamata ya nema, ba mai kanti ba, domin ƙarancin sinadarin B12 a jini, da matsalar halittar nan ta wuya mai haddasa maƙoƙo, da shan taba, duk an danganta su da furfurar wuri.

To me ake nema daga shamfu? Ya wanke ba tare da ya busar ba, ya kuma hana farin dafewa.

Bushewar ce ta fi addabar mutanenmu. Fatar kai tana rage fitar da maiƙonta idan an manyanta, gashin baƙar fata kuma murɗaɗɗe ne, maiƙon ba ya gangarawa daga gindi zuwa baki cikin sauƙi. A haɗa da iskar hunturu, sai furfura ta yi ƙarfi kamar tsintsiya, tana karyewa a bakin mataji. Mai irin wannan gashi idan ya juya bayan kwalba ya ga Sodium Lauryl Sulfate a sahun farko na jerin sinadarai, ya san ya riƙo mai kumfa da yawa, mai kwashe maiƙo kaf. Ba guba ba ne, kamar yadda wasu masu talla ke tsoratarwa don su sayar da nasu, kuma yana da ranarsa idan kai ya tara man kitso na makonni. Amma don wankin yau da kullum, wanda ba shi da wannan sinadari, ko mai ɗauke da gilisarin, man kaɗanya ko man kwakwa, ya fi dacewa da furfura. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba.

Sabulun wanka kuwa, har da sabulun salo da ake yabo, yana da kaifi irin na toka, ma'aunin kaifinsa yakan kai 9 zuwa 10, alhali fatar kai tana zaune ne a wajen 5.5, wato da ɗan tsami-tsami. Wannan kaifi yana buɗe ɓawon silin gashi, ya bar shi da kaushi. Idan kuma ruwan unguwar irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa ne, sai wani farin dafi ya manne a gashin, irin wanda ake gani a gefen bokitin wanka. Garin sabulun wankin kaya da wasu ke zubawa a kai don ya fita sosai, wannan kam ganganci ne. Tsofaffin mata da ke wanke kai da karkashi sun fi su gaskiya nesa ba kusa ba, domin yauƙinsa yana warware gashi ba tare da ya ƙona shi ba. A Chadi ma da ganyen nan mata ke wankin kai, har ya shiga kasuwannin ƙetare da sunan ambunu.

Sai batun dafewa. Baƙin gashi yana ɓoye duk abin da ya hau kansa, fari kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Hayaƙin itace a madafa, hayaƙin taba, turaren wuta da ake turara kai da shi, jar ƙurar hanya, zafin rana, zafin na'urar busar da gashi da na ƙarfen miƙarwa, man shafawa mai launi, duk suna barin alamarsu. Man miƙar da gashi na rilaksa ya yi ƙaurin suna wajen mai da furfura rawaya. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai sinadarin ƙarfe, irin wanda ke jajanta tayil da farin bokiti, haka yake yi wa gashi. Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su zata ba: shamfun maganin amosani mai Selenium Sulfide, da mai kwalta a cikinsa, suna iya rina farin gashi ya koma rawaya ko ruwan lemo idan ba a ɗauraye su da kyau ba. Wanda likita ya rubuta wa irinsu kada ya daina, sai dai ya ɗauraye sosai, ya kuma gaya wa likitan idan launin ya sauya.

A nan ne shamfu mai launin shunayya ke shigowa. A cikinsa akwai ɗan rini mai rauni, sau da yawa wanda ake rubutawa Acid Violet 43 ko CI 60730, wanda ke kwanciya a bayan silin gashi ya kashe rawayar, sannan ya wanke bayan 'yan kwanaki. Ba sabon abu ba ne. A Ingila an daɗe ana tsokanar tsofaffin mata da ke ɗauraye kai da ruwan shuɗi har gashinsu ya koma shuɗi-shuɗi, kuma kuskurensu shi ne dai kuskuren mai wankin da ya cika bula. Sau ɗaya a mako ya isa, a bar shi minti uku zuwa biyar, a ɗauraye, a bi da kwandishina domin yana busarwa. Matar da sai ta tsefe kitso take wanke kai, bayan mako biyu ko uku, ba sai ta yi amfani da shi a kowane wanki ba. Wanda furfurarsa 'yar tsilli-tsilli ce a cikin baƙi ba zai ga wani bambanci ba, asarar kuɗi kawai zai yi. Haka ma magidancin da ke zuwa wurin mai aski duk Juma'a, gashinsa ba ya daɗewa har ya dafe. In ma akwai mai bukata a jikinsa, to gemu ne. Idan kuwa ruwa ne tushen matsalar, shunayya rufa-rufa ce kawai. Abin nema shi ne shamfu mai EDTA ko Citric Acid, masu kama ƙarfen su fitar da shi, a yi sau ɗaya ko biyu a wata. Hula da ɗankwali kuma suna yin rabin aikin kyauta, tunda suna tare rana da ƙura.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Kasuwanni da shafukan sayar da kaya na intanet sun cika da abin da ake kira shamfun baƙanta gashi cikin minti biyar ko goma. Galibi yakan zo a leda mai aljihu biyu ko kwalba mai baki biyu, a matse su gauraya a tafin hannu. Wannan rabuwa kaɗai ta isa ta tona asirinsa: gefe ɗaya rini ne, ɗayan kuma sinadarin da ke tayar da rinin, daidai da kowane rinin gashi na shagon gyaran kai. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da p-Phenylenediamine, wanda ake taƙaitawa PPD. Shi ne kuma ake zubawa a dayis da baƙin lallen amare don ya kama da wuri, domin lalle na gaskiya ja yake bayarwa, ba ya baƙi.

PPD ba abin wasa ba ne. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa abu ke haddasawa ta zaɓe shi a 2006 a matsayin sinadarin shekara wajen tayar da borin fata. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin da aka gauraya, ba ta kuma yarda a yi zane da shi a fata ba. Mutum zai iya yin shekaru yana amfani da shi lafiya lau, rana ɗaya jiki ya ƙi shi: ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa a goshi da bayan kunne, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Wadda baƙin lalle ya taɓa tasar wa hannu tana cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan. In kuwa aka haɗiye shi, abin ya wuce fata. A Sudan, inda ake yawan haɗa shi da lalle, likitocin Khartum sun wallafa rahoto a 1992 kan yara 31 da aka kawo asibiti da gubar wannan haɗi tsakanin 1984 da 1989, kuma 13 daga cikinsu ba su rayu ba. Yana kumbura harshe da maƙogwaro har numfashi ya toshe, yana kuma lalata ƙoda. Ledar da aka rubuta wa shamfu, aka ajiye a banɗaki kusa da sabulun yara, ba wanda zai yi tunanin ɓoye ta.

Akwai wani dangin kuma, mai baƙanta gashi a hankali cikin makonni, wanda ake tallarsa da cewa yana dawo da launin asali. Tsofaffin irinsa da sinadarin dalma ake yin su, Lead Acetate. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin sa shi a rinin gashi a 2018, bayan Kanada da Turai sun riga ta. Duk kwalbar da aka ga wannan suna a bayanta, a mayar wa mai kanti abinsa.

Wanda ya ga lallai sai ya rina, ba a hana shi ba, amma ya san rini yake yi. Ya ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, ya jira awa 48, ya sa safar hannu, kada ya kai shi gira ko gashin ido. Malamai ma sun daɗe da yin bayani a kan wannan babi: an hana tsige furfura, an kwaɗaitar da sauya ta da lalle, kuma a labarin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka kawo ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, umarnin da aka bayar shi ne a sauya launin amma a nisanci baƙi. Jan gemun da ake gani wurin wasu dattawa daga nan ya samo asali. Maganar cewa in an tsige ɗaya biyu za su fito kuwa ba ta da tushe, rami ɗaya sili ɗaya yake fitarwa. Illar tsigar ita ce tana iya kashe ramin gaba ɗaya.

Abin da ya rage shi ne jabu. Shamfu mai suna da tsada yana cikin kayan da ake kwaikwayo, a ɗura wani abu a tsohuwar kwalba. A Najeriya doka ta ɗora wa hukumar NAFDAC rajistar kayan kwalliya, saboda haka a duba lambarta, da ranar ƙarewar aiki, da cikakken jerin sinadarai, da sunan kamfani da adireshinsa. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, ko ta faɗa da rubutun da mai saye da mai sayarwa duk ba sa iya karantawa, ba ta cancanci hawa kan kowa ba.

Duk wanda ya shafa wani abu a kai ya ji fuska ta soma kumbura, ko harshe ya yi nauyi, ko numfashi na sarƙewa, ya wanke da ruwa mai yawa nan take, a garzaya da shi asibiti, a kuma tafi da ledar ko kwalbar a hannu domin likita ya ga abin da aka shafa.