Masu Fatsa a Tekun Ingila

A garin Southend na Ingila akwai wata gada da aka miƙa cikin teku, tsawonta ya fi mil guda. Ran hutu ma'aikata su kan taka ta da sandar fatsa a kafaɗa, ko da ya ke akwai ɗan jirgi mai ɗaukar raggwaye. A wurinmu su sana'ar Sarkawa ce, amma waɗannan, wani ma sai ya kama kifin ya mayar ruwa.

Ba mu ga wauta a nan ba. Akawun da ya yi kwana biyar bisa kujera, ga shi ya motsa jini, ya sha iska, hankalinsa ya koma kan igiya, lissafi ya fita kansa. Sai dai sanyin can ba wasa, wajibi ne mutum ya rufe ƙirjinsa.