Filayen Wasanni: Wa Zai Riƙe Abin Da Muka Gina?

A shekarar 2003, zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo, Nijeriya ta buɗe katafaren filin wasa na ƙasa a Abuja domin karɓar baƙuncin Wasannin Afirka karo na 8. Filin yana ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 60, kuma an ƙiyasta cewa ya lashe kimanin dala miliyan 360, duk daga baitulmalin jama'a. Ni dai ba na cikin masu ganin wasanni ɓata lokaci ne. Abin da ya dame ni shi ne halin da muke jefa irin waɗannan gine-gine da zarar an tashi daga biki.

Mai karatu zai tuna cewa kafin na Abuja akwai filin Surulere a Legas, wanda aka gina a 1972, aka gudanar da Wasannin Afirka na 1973 a cikinsa. A nan ne Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a 1980, ta ɗauki kofin nahiyar karo na farko. Amma amarya na shigowa aka juya wa uwargida baya, filin ya yi shekara da shekaru yana ruɓewa. Ita ma amaryar ba ta tsira ba. Ciyawarta ta mutu, har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ta a 2020. Duk da haka, wasannin gida na neman gurbi a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026 a Uyo aka buga su, a filin da gwamnatin Jihar Akwa Ibom ta buɗe a 2014.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Filin wasa tamkar doki yake, sayensa bai kai ciyar da shi wuya ba. Kullum yana buƙatar ruwa da wutar lantarki da masu gyara da masu gadi, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Wannan ɗawainiya kuwa ba ta ɗaukuwa sai da ƙungiyar da ke tara jama'a a kai a kai. A Ingila an gina fili a birnin Mancesta domin Wasannin Ƙungiyar Kwamanwel na 2002, amma tun kafin a gama aikin aka daidaita da ƙungiyar Manchester City, ta tare a ciki a 2003 tana biyan hukumar birnin kuɗin haya. Mu kuma a wannan shekarar muka buɗe namu ba tare da wata babbar ƙungiya da za ta mai da shi gida ba. Ko a Kano, inda magoya bayan Pillars kan yi dafifi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, filin da ƙungiyar duk na gwamnatin jiha ne, wato mai gida da ɗan haya aljihunsu ɗaya.

A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin wani ɓangare na cutar yana cikin bakinmu. Idan Bahaushe ya ce "kayan gwamnati", abin da yake nufi shi ne kayan da ba su da mai su. Da wannan tunani ne wasu 'yan kallo suka farfasa kayayyakin filin Abuja a watan Maris na 2022, bayan kunnen doki 1 da 1 da Ghana ya hana Nijeriya zuwa Ƙatar. Sun manta cewa kuɗin gyaran daga asusun da ke sayen magani da allunan makaranta zai fito.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisun dokoki, na tarayya da na jihohi, da kada su amince da ko sisin kwabo na ginin sabon fili sai an amsa musu tambayoyi 3 a rubuce. Wace ƙungiya ce za ta zauna a ciki, kuma nawa za ta riƙa biya? Nawa kulawa da shi za ta ci a shekara, daga ina kuɗin za su fito? Wane aiki aka jingine domin a yi wannan? Gwamnan da ya kasa amsawa, gara ya gyara filayen makarantu da na unguwanni, inda 'yan wasan gobe ke tasowa.

Hausawa dai sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.