Ƙaramar Jif Domin Iyali: Sabuwa Ko Ta Hannu?

Dattawa a cikinmu suna tune da lokacin da motar iyali ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Tun da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ita ce ta kai yara makaranta, ta kai amarya gidan miji, ta kai fasto wa'azi ƙauyuka. Yau zance ya sake. Maigidan da Allah ya buɗa masa, in ka tambaye shi irin motar da yake sha'awa, sau da yawa sai ya ce ƙaramar jif, watau irin su Toyota RAV4 wadda aka fara ƙerawa a 1994, da Honda CR-V da ta biyo baya a 1995, da 'yan'uwansu Hyundai Tucson da Kia Sportage da Nissan X-Trail.

Sha'awar ba ta banza ba ce. Cikin waɗannan motoci ya ɗaga daga ƙasa wajen santimita 20, ya fi na ƙaramar mota ta gari tsayi, saboda haka ba ta cika goga ciki a hanyar burji ba. Wanda garinsu ke bayan kwalta ya san amfanin wannan da damina, ko a watan Disamba sa'ad da ake tafiya gida bikin Kirsimati, a komo da buhun masara da doya. Amma mota ba kaza ba ce da za a saya yau a yanka gobe. Ga yawancin gidajenmu, bayan ginin gida babu abin da ke cin kuɗi kamarta, kuma kuɗin nan na iyali duka ne, har da yaran da ba a tambaye su ba.

Ku fara da lissafi

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini wanda bai zauna ya lissafta abin da ginin zai ci ba, ya sa tushe ya kasa gamawa. A kan batun zama almajiri ya yi wannan misali, amma hikimar ta shafi mai sayen mota. Muna roƙon maigida ya zauna da uwargida kafin ya je wurin dillali. Ita ce ta san abin da tukunya ke ci kowane mako, ita ce kuma za ta sha tambayar yara in aka koro su saboda kuɗin makaranta. Motar da aka shigo da ita gida ba da saninta ba takan zama kishiya.

Kuɗin saye shi ne ƙaramin sashe na lissafin. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin ranar ana sayen lita ƙasa da naira 200, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Jif kuwa ta fi ƙaramar mota nauyi da tsayi, don haka ta fi ta shan mai. Mu ɗauka, domin misali kawai, jif tana shan lita 10 a kilomita 100, ƙaramar mota kuma lita 7 da rabi. Wanda ke tafiyar kilomita 1,000 a wata zai sayi lita 100 maimakon 75. Ku tambayi farashin lita a gidan mai na kusa da ku, ku riɓa da 25, ku ga abin da tsayin nan ke ci kowane wata. In da ma zirga-zirgarku daga gida ne zuwa aiki da kasuwa da majami'a, duk a kan kwalta, sau biyu kaɗai a shekara kuke zuwa ƙauye, to, watakila Corolla ta wadatar da ku, ranar tafiya gida a bi motar haya.

Bayan mai akwai taya, wadda ta fi ta ƙaramar mota girma da tsada, da baƙin mai, da sabunta takardu. Inshora mafi ƙanƙanta da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, an ɗaga ta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023. Shawararmu ita ce kada ku zuba dukan abin da kuka tara a kan saye. Ku rage wani abu mai kauri a hannu, gama motar hannu ba ta rasa abin gyara a watan fari.

Wani abu kuma, ku ƙirga kawuna. Ƙaramar jif yawanci kujeru biyar ne da ita. Gidan da ke da yara biyar da kaka ba zai shiga ba sai an cusa, cusawa kuwa haɗari ne. Irin wannan gida gara ya duba Toyota Sienna ko makamanciyarta mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ko da ba ta da kwarjinin jif a ƙofar majami'a.

Sabuwa, ko tokumbo, ko wadda aka hau a nan

Sabuwa dal a leda ta fi ba da kwanciyar rai, ba musu. Kamfani yana ba da lamuni na gyara har wani lokaci, ba ka kuwa gaji laifin kowa ba. Sai dai tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a 2024, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin malamin makaranta da nas da ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai masu haɗa motoci a cikin gida, kamar Innoson a Nnewi, ya kamata mai neman sabuwa ya tambayi farashinsu. Cin bashin banki da ruwa mai nauyi domin sabuwar mota kuwa ba mu ga hikimarsa ba. Mota tana rage daraja tun ranar da ta bar kanti, bashin kuwa yana nan yana ƙaruwa.

Saboda haka yawancinmu tsakanin biyu za mu zaɓa. Akwai tokumbo, wadda aka hau a Amurka ko Kanada ko Turai aka kawo, wasu na ce mata 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano. Akwai kuma wadda wani ya riga ya hau a nan ƙasar. Mutane sun ɗauka tokumbo kullum ta fi, amma ba haka ba ne. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka gyara su a nan aka fesa fenti. Wasu ruwa ne ya ci su. A Agusta 2017 guguwar Harvey ta kawo ambaliya a birnin Houston, motoci dubbai ɗari-ɗari suka nutse, irin waɗannan kuwa sukan sami hanyar fita ƙasashen waje. Motar da ruwa ya shiga takan yi kyau a ido, bayan 'yan watanni wayoyinta su fara ciwo ɗaya bayan ɗaya, makanike ya rasa kanta. Waɗanda suka fito daga wuraren sanyi kuma, inda ake zuba gishiri a hanya domin ƙanƙara, tsatsa takan cinye ƙarƙashinsu. Motar wani dattijo da kuka sani, wanda ke juye baƙin mai a kan kari, tana iya fin waɗannan duka.

Ranar duba mota

A nan ne ake ci ko a sha kaye, don haka za mu daɗe kaɗan. Ku tafi da makaniken da ku kuka sani, ku biya shi ladansa. Wanda dillali ya kawo, da dillali yake ci. Ku je da safe, da rana a waje, injin kuma da sanyi, gama injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye wuyar tashi da hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji na ƙona baƙin mai. An san wasu RAV4 na 2006 zuwa 2008 masu inji lita 2.4 da wannan hali, sai a lura da su sosai. A cikin RAV4 na 2006 zuwa 2012 kuma akwai masu fulogi shida, suna da ƙarfi amma sun fi masu fulogi huɗu shan mai, iyali kuwa ba tsere za su ba.

Sa'ad da aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilun gaban direba su kama duka, sa'an nan su mutu bayan ya tashi. In fitilar inji ko ta jakar iska ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne domin a rufe laifi. Makanikai da yawa yanzu suna da 'yar na'urar kwamfuta da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta karanta ciwon mota, kuɗinta kaɗan ne in aka gwada da abin da take tonawa. Ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ku sunsuna, ku duba ramin safaya taya ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa. Ku bi jikin motar da ido, in launin ƙofa ɗaya ya bambanta da na sauran, ko tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ba daidai take ba hagu da dama, an taɓa buga ta. A sa ta bisa rami a leƙa ƙarƙashi. Akwai wani abu cikin bututun salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, ana cire shi a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa, a tabbata yana nan.

Lambar tafiya da ke gaban direba kada ku gaskata ta ita kaɗai, ana juya ta baya. Ku gwada ta da cinyewar robar birki da sitiyari da kujerar direba. Motocin Amurka kuma da mil suke ƙirge, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa. Su zama iri ɗaya da juna da kuma wadda ke takarda. Da wannan lamba, ɗanku ko 'yarku mai waya na iya bincika tarihin motar Amurka a intanet, wani lokaci har hoton yadda take a filin gwanjo ya fito.

Sa'an nan a hau ta, ba zagayen fili kaɗai ba. A bi kwalta a ga ko giya na shiga lafiya ba fizga, a bi gargada a saurari ƙafafunta, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe. Mai motar da ya hana a gwada, ku yi masa sai an jima. Ku tambayi makanike kuma ko kayan gyaranta suna samuwa kusa. Na Toyota da Honda ba wuya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Wata motar kuwa tana da araha a saye, amma in ta lalace a Zonkwa ko Biliri sai ta yi makonni tana jiran kaya daga Ladipo a Legas.

Takardu da amana

A Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa. Duk da haka motocin sumoga ba su daina shigowa ba, da takardun kwastan na jabu. In jami'an kwastan suka kama irin wannan a hanya, mai ita ne ke asara, ko da shekara biyu ke nan da ya saya bai sani ba. Ku kai takardar kuɗin fito ofishin kwastan a tabbatar muku kafin ku biya. In motar mai lamba ce, ku ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takardar mallaka. Ku guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Ƙasarmu ta koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilu 1972, motocin da aka yi wa wannan tiyata a gareji kuwa ba abin dogara ba ne.

Ga wata magana da ta shafe mu masu bi musamman. Sau da yawa ciniki tsakanin 'yan'uwa ne a ekklesiya ɗaya, kunya ta hana a duba motar ko a rubuta kome. Bayan wata uku giya ta mutu, gida biyu su daina gaisawa, maganar ta kai gaban dattawan ekklesiya. Rubutu ba rashin amincewa ba ne. A rubuta farashi, da abin da aka biya, da abin da ya saura, da la'adar dillali in akwai, shaidu biyu su sa hannu, kuɗin kuma ya bi ta banki. Kai kuma ɗan'uwa mai sayarwa, in ka san motarka tana zafi a doguwar tafiya, faɗa masa. Shirun da ka yi domin farashi ya tashi, ƙarya ce.

Bayan an kawo ta gida

Daidai ne a kira fasto ya yi addu'ar godiya. Amma a makon nan a juye baƙin mai, a duba birki da man birki, a zuba ruwan lagireto na kanti maimakon na rijiya, kada kuma a yarda makanike ya cire abin da ke daidaita zafin inji da sunan wai ƙasarmu da zafi. Ku shirya zuciya kuma, gama motar mai bi ita ce motar asibiti ta unguwa, za a buga muku ƙofa da tsakar dare saboda mai naƙuda. Gara maigida da uwargida su yanke tun yanzu wa za a ba aro, wa kuma za a kai da kai.

Jif ta fi ƙaramar mota tsayi, don haka ta fi saurin kifewa in aka sha kwana da gudu ko taya ta fashe. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba, sai a sake ta kafin a ɗauki hanyar gida. Yara su zauna a baya, kowa da bel ɗinsa. Uwargida kada ta rungumi jariri a kujerar gaba, gama jakar iska tana fita da ƙarfin da jikin yaro ba ya iya ɗauka.