Agadas: yadda azurfa take riƙe gilashi ba tare da wuta ba

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin lasar gishiri na Ingal ya ga abin wuyan nan mai jan ido da Abzinawa suke kira "tanfuk", Nasara kuma suke ce masa kuros na Ingal. Asalinsa jan dutse ne irin na talhatana, wanda ake sassaƙawa a Kambay ta ƙasar Indiya, daga baya kuma, cikin ƙarni na 19, a Idar-Oberstein ta Jamus. Da masana'antun Bohemiya suka ga kasuwa, sai suka shiga zuba irinsa da jan gilashi mai araha. Yau mafi yawan waɗanda ake tallatawa gilashi ne.

Gilashi ba ya shiri da wutar maƙera. Azurfa sai zafi ya kai awo 962 take narkewa, gilashi kuwa tun kafin nan ya tsage. Saboda haka maƙeri yakan gama duk aikin wuta tukuna: ya ƙera gidan idon, ya gasa shi har azurfar ta yi laushi, ya bari ta huce. Sa'an nan ya zaunar da gilashin, ya bi bakin gidan yana dannawa kaɗan kaɗan, gefe da gefe, har azurfar ta kwanta ta rungume shi. In ya matsa da yawa ido ya fashe, in ya sassauta ido ya faɗi wata rana a kasuwa. Maƙeran dā sun more, domin suna narka tsabar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda azurfarta take da yawa. Farin ƙarfen da ake gaurayawa don rage tsada ya fi tauri, ba ya kwanciya da daɗi.

Turawa ma suna da nasu dannen, da wani ƙarfe mai suna indiyam da aka gano a Jamus cikin 1863. Laushinsa har farce yana yi masa shaida. Akan shimfiɗa zarensa tsakanin gilashi biyu a matse, sai ya manne da su, ko iska ba ta ratsawa. Azurfar Agadas kuwa riƙo kawai take yi, ba ta mannewa.

Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 sun kori 'yan yawon buɗe ido, kuma sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai maido da su yadda ake fata ba. Ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa masu kai kaya Yamai da ƙetare, waɗanda kan biya kuɗin dutse su karɓi gilashi. Alhali rarrabewa ba wuya: a ɗaga idon ga rana, gilashi yakan nuna ƙananan kumfa a ciki ko layin zubi a gefe, magagari kuma yana cinsa, amma da wuya ya ci dutsen.