Ba Kullum Laifin Masu Kawo Wuta Ba Ne

A 'yan kwanakin nan wata magana ta yawaita a bakin samarin da ke harhaɗa ƙananan injunan sassaƙa ƙarfe a garejin gidajen iyayensu a unguwar GRA ta Katsina, wai allunan sarrafa inji da ake sayowa daga Sabon Garin Kano ko dai jabu ne, ko kuwa wutar KEDCO ce ke ƙone su. Alhali wanda ya yi tahaƙiƙi zai tarar sau da yawa allon yana zaune lafiya, sai ranar da aka jona masa inkoda, wato ma'aunin nan mai ƙidaya juyin sandar inji, wanda in babu shi inji ba zai yanka tiredin noti daidai ba.

Asalin shubuhar shi ne zaton da jama'a ke yi cewa wutar da ba ta jan mutum ba ta ɓarna. Gaskiya ne bolt 24 da akan ba inkoda ba ya kama da bolt 230 da ke shigowa gidajenmu, har mutum ya taɓa shi da busasshen hannu bai ji komai ba. Amma fatar ɗan Adam daban, cikin ƙwaƙwalwar allo daban, domin ƙafafun allon Arduino Uno bolt 5 aka ƙaddara musu, na ESP32 da Raspberry Pi kuwa 3.3 ne kacal, shi ESP32 ma haddinsa bai wuce 3.6 ba. Misalin wanda ya aika bugun bolt 24 cikin irin wannan ƙafa kamar na wanda ya ɗura wa jariri maganin da aka auna wa ƙaton namiji ne, ya kafa hujja da cewa ai shi ya sha bai ji illa ba. Maganin na kirki ne, niyyar ma ta alheri ce, gwargwadon ne ya yi kisa.

To, wajibi na farko shi ne a san nau'in ma'aunin, tun da yawancinsu an rubuta musu suna karɓar bolt 5 zuwa 24, wannan rubutu kuwa bayanin abin da suke ci ne, ba abin da suke fitarwa ba. Akwai wanda iyakar aikinsa shi ne janye waya zuwa ƙasa, wanda ake rubuta wa NPN. Shi wannan sai a ɗaure wayoyin bugunsa na A da B da rizista zuwa wutar allon kansa, bugu ya fito daidai ƙarfin allon. Akwai kuma wanda ke turo kusan duk wutar da aka ba shi, shi ne mai kisan. Kuma ko na farkon bai kamata a yi masa kyakkyawan zato ba sai an ɗora mitar gwada wuta an gani, saboda wasu masana'antu kan ɓoye rizista a ciki, ɗaure da babbar wuta.

Mafi aminci shi ne a raba tsakani da mahaɗin haske, inda bugu ke ƙetarawa ta hanyar 'yar fitila, babu waya tsakanin ɓangarorin biyu. Sai dai a nan ma akwai sharaɗi, domin ma'auni mai bugu 600 a juyi guda, in sanda na juyi 3,000 a minti, bugu 30,000 zai aiko a kowace daƙiƙa, abin da mahaɗin haske mai araha irin PC817 kan gaza bi, har tiredi ya fito a karkace, alhali 6N137 zai ɗauka ba wahala. Haka nan a yi amfani da waya mai rigar kariya, a nisanta ta da wayar motar inji, kada hayaniyar lantarki ta ƙara wa lissafi bugun ƙarya.

Ba na kare masu kawo wuta, laifin da ke kansu ya ishe su. Amma hukumomin da ke son a ce sun koya wa matasa sana'a, da za su haɗa rabon kaya da koyar da karatun takardar da ke bayanin kayan, da gafala ta ragu. Su kuma samarinmu su sani takardar nan ba ado ba ce, kuma kuɗin mita bai kai na alluna biyu da aka ƙone ba.