Fujer da kyanwa a gida ɗaya: wanne tsiro ne lafiya, wanne ne dafi?

Da yawa daga cikinmu muna da kyanwa a gida. Ita ke tsare mana buhun gero da gyaɗa daga ɓera, ke nan tana cikin masu gadin jarinmu. Ga shi kuma yanzu mata na sayen tukwanen shuka wurin masu furanni a Yamai, Maraɗi da Damagaram don ƙawata tsakar gida. To, ita kyanwa akwai ta da ɗanɗana ganye. Shin tsiron nan da ake ce wa fujer zai cutar da ita?

Fujer shi ne mai dogayen ganyaye kamar gashin tsuntsu, mai son inuwa da laima. Wanda aka fi sayarwa, fujer na Boston, ba shi da dafi ga kyanwa. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta saka shi cikin tsirran da ba su da haɗari. In ta ci da yawa tana iya yin ɗan amai, shi ke nan.

Amma a kula, akwai mai kama da shi, kuma kama da wane ba ta wane. Ana kiran shi asparagus. Ganyensa sirara ne kamar allura, yana da ƴan ƙayoyi, yana yin farin fure da jajayen ƴaƴa. Wannan yana sa kyanwa amai, zawo da ciwon ciki. Ga yadda za ki gane: fujer na gaskiya ba ya fure, ba ya ƴaƴa. In kin juya ganyen da ya ƙosa, sau da yawa za ki ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jere.

Haɗarin da ya fi girma ma yana cikin tsirran da muka saba da su. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure, da loriye-roz da ake shukawa bakin katanga, duka biyun dafinsu zuciya yake taɓawa. Ƙwayar zurma da ruwan tumfafiya ma dafi ne. Furen lili kuwa, ko garin furensa kyanwa ta lasa a jikinta, yana iya kashe mata ƙoda. Ban da lili, duk waɗannan haɗari ne ga yaro mai rarrafe ma.

In kika ga kyanwarki tana dalalar da miyau, tana amai ba tsayawa, ko ta yi laushi ta ƙi abinci, kada ki jira gobe. Ki tsinki ganyen da kike zargi, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Kada ki ɗura mata ruwan gishiri don ta amayar. Kuma don Allah kada ki ba ta parasitamol: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Wata ƴar dabara: ki shuka alkama kaɗan cikin tsohon kwano. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta tsiro, kyanwa ta samu abin tauna, ta ƙyale miki tukwanenki.

Kafin ki zaro kuɗi, ki tambayi mai shuka sunan tsiron, ki juya ganyen ki duba. Ranar zubi kuma a faɗa wa wadda ba ta ji ba. Allah ya tsare mu da iyalinmu.