Jiniyar mota na kuka da tsakar dare: abin lura kafin a sayo wata

Wanda ya taɓa ajiye ƙaramar motar gudu mai ƙofa biyu, irin su Mercedes SLK ko Audi TT, a gidan haya a Kwatano ko Duwala, da wuya bai san wannan daren ba. Ƙarfe 2, babu ɓarawo, babu wanda ya taɓa ta, sai mota ta ɓarke da kuka, maƙwabta suna leƙowa ta taga. Da safe a murɗa makulli, batir ya kwanta. Wani lokacin kuma akasin haka ake gani: fitilun sigina na ta walƙiya, amma ko tari jiniyar ba ta yi.

Abin da aka saba yi shi ne a aika yaron gareji kasuwa ya samo wata ƴar Beljiyam, wadda a Kwatano da Lome ake cewa « venue de France ». A yawancin kayan mota wannan shawara ce mai kyau, domin tsohon ƙarfen Turai ya fi sabon jabu. A kan jiniya dai lissafin ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin cikinta.

Jiniyar waɗannan motoci ba hon ba ce. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi dunƙulen hannu da yawa ba, a like ruf don kada ruwa ya shiga. A ciki akwai abin da ke fitar da ƙara, da ɗan faifan lantarki, da ƙananan batura masu caji, galibi irin NiMH. An sa baturan ne saboda ɓarawon da ya san aikinsa: idan ya yanke waya ko ya cire kan babban batir, jiniya ta ci gaba da kuka da wutar kanta. A Ingila ma, inda kamfanonin inshora ke aiki da ma'aunin Thatcham, na'urar tsaro ba ta shiga aji na 1 sai jiniyarta na da batir nata na kanta.

To, batir yana tsufa da kwanakin duniya ne, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye. Idan ya tsufa sai ya fara yoyon wani ruwa mai kaifi irin na kanwa, ruwan ya sauka kan faifan, ya cinye siraran hanyoyin tagulla, ya bar kore da farin gari. Daga nan jiniya ta rikice. Wata ta yi shiru, wata ta riƙa tashi ba dalili, wata kuma ta riƙa zuƙar wuta dare da rana har ta kwantar da babban batir. Zafi na ƙara hanzarta wannan, kuma wanda ya san watan Afrilu a Yamai ko Njamena, inda ake haura digiri 40, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Yanzu a duba shekaru. SLK ta biyu an ƙera ta daga 2004 zuwa 2011, Audi TT ta farko daga 1998 zuwa 2006. Jiniyar da aka ciro daga irin motarka a maƙabartar motoci a Turai sa'ar taka ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan ba ta mutu ba, tana hanya. Mai shago zai iya haɗa maka ita ta yi kuka a gabanka, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai kukan yau ba ya nuna abin da ke tsiyaya a ciki.

Kafin ma a kai ga saye, a tabbatar laifin nata ne. Ɗan makunnin da ke ƙarƙashin bonet idan ya yi tsatsa yana tayar da ita, haka na ƙofa da na but. Na'urar da ke jin motsi a cikin mota na iya tashi saboda taga da aka bari a buɗe ko ƙwaron da ya kwana ciki. Babban batir mai rauni ma yana jawo hakan. Mai gyaran wutar mota da ke da kwamfutar bincike zai iya karanta abin da ya tayar da ƙarar a baya, da ko motar ta daina jin jiniyar kwata-kwata. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da mita: mota idan an kulle ta ta yi barci, abin da take ja bai cika wuce miliamfiya 50 ba. In ya haura sosai, kuma ya faɗi da zarar an zare soket ɗin jiniya, an kama mai laifi. Kunne ma na taimakawa. Ƙa'idar Turai ta ce kowane tashi kada ya wuce daƙiƙa 30, da ƙarfin desibel 100 zuwa 118, don haka muryar da ta shaƙe ko kukan da ya ƙi yankewa alama ce.

Wajen nema, kada a tafi da baki kawai. A ciro tsohuwar a ɗauki hoton takardar da ke jikinta da na soket ɗinta. Lambar kayan Mercedes na farawa da A sai lambobi 10. A Audi da Volkswagen za a ga 951 605 a tsakiyar lambar, wani lokaci da harafi a ƙarshe, kuma harafin nan ba ado ba ne. A haɗa da lambar shasi mai gurbi 17 da ke kan takardun mota, domin wadda ta shigo daga Amurka da wadda ta shigo daga Jamus suna iya bambanta ko da sunansu ɗaya. A shagon masu Faransanci sunanta « sirène d'alarme ». Wanda ya ce hon, hon za a ba shi.

Kasuwanni ba su yi ƙaranci ba: Camp Yabassi a Duwala, Abossey Okai a Akara, Suame a Kumasi, Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano. Matsalar ita ce waɗannan motoci ba su da yawa a titunanmu. Sauƙin da ake samu shi ne kamfani kan sa jiniya iri ɗaya a motocinsa da dama, don haka ta wata babbar Mercedes ko ta wata Volkswagen na iya hawa, muddin lamba ta dace. A ganina, wanda ke da ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam gara ya tura masa lambar ya sayo sabuwa a wurin dillalin kamfani. Abu ne da ke shiga aljihun jaka. In kuma dole sai ta hannu, a nemi kwanan watan da aka buga a jikinta, a zaɓi mafi ƙuruciya, a leƙa bakin soket ko akwai kore.

Abu ɗaya da bai kamata a yarda da shi ba shi ne jiniyar kasuwa mai waya biyu. Ta asali galibi waya uku gare ta: wuta, ƙasa, da ta ukun da take magana da kwamfutar mota. Ta wannan wayar ake ba ta umarni, ba wai wuta ake sakar mata kamar ƙwan fitila ba. Idan mai gyara ya ce a yanke soket a haɗa kai tsaye, a ce masa: “Malam, bar shi haka, na gode.” Gyaran abin da almakashi ya ɓata ya fi jiniyar tsada.

Ana iya gyara tsohuwar idan an yi sa'a ruwan bai ci faifan sosai ba. A yanka akwatin a kan layin haɗinsa, a cire baturan, a goge wurin da ɗan ruwan khal sannan da sifirit, a sa sababbi masu irin ƙarfin na da, a like da kyau. Masu gyaran wayar salula sun fi makanikai hannun wannan aiki. Sai dai kada a sa batir ɗin lithium na waya a madadinsu, domin hanyar cajin ba tasa ba ce, kuma yana iya kamawa da wuta.

Ɗaurawar ba ta da wuya, isa wurin ne aiki. A Mercedes da yawa na wancan zamani tana ɓoye a bayan robar da ke rufe ramin tayar gaba. A TT ta farko tana baya, ta cikin but. A buɗe motar da rimot tukuna, a kashe ta, sannan a cire kan batir na ƙasa. Motar gudu ƙasa-ƙasa take, don haka jak ya zauna daidai inda aka tanadar masa, a kuma tokare ta da ƙarfe kafin kowa ya sa kai. Ƙusoshin robar da ke riƙe murfin kan karye don tsufa, a tanadi wasu. A wasu motocin da gangan aka ɗaure jiniyar da ƙusar da ba ta kwancewa, sai an huda ta. A wanke soket ɗin motar idan kore ya kai gare shi, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta ji kira ba. A mayar da ita yadda tsohuwar ta fuskanta. A wannan wurin ruwan damina da laka ba sa raga wa abin da aka ɗaura a karkace.

Bayan an mayar da batir, tagogi kan manta iyakarsu, kuma a mota mai buɗaɗɗen rufi hakan na iya hana rufin motsi har sai an ɗaga su an riƙe maɓalli na ɗan lokaci. A goge tsohon kuskuren a kwamfuta, a ɗan zagaya da motar don ƙananan baturan su sami caji. Sannan a zauna a ciki, a kulle da rimot, a jira kamar minti 1, a motsa ko a ja hannun ƙofa. A yi wannan gwajin da rana, bayan an gaya wa maƙwabta.